Ba-Hutu da Famfon Feshinta

Yayata ba ta iya zama ba. In ka ba ta kujera sai ta ɗosana a bakinta kamar an ce mata akwai ƙusa a tsakiya, idonta na kan ƙofa. Shi ya sa tun muna yara aka laƙaba mata Ba-Hutu. Sunan ya bi ta gidan miji, ya bi ta lambu, har dillalan tumatir da shi kaɗai suka san ta. Ni dai Yaya nake ce mata. Ni tela ce, sana'ata ta zama ce, kuma ta sha yi mini gori a kan haka. Takan ce, "Ke ai ko gobara ce ta tashi, sai kin gama kalmasa bakin zane za ki miƙe."

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari. Tana wanki a tsakar gida ta ce bayanta na ciwo, ta jingina da bango, ta ce a ba ta ruwa. Kafin Yaya ta kawo kofin, rai ya yi halinsa. Ba ta kai hamsin ba. Masu zuwa gaisuwa suka ce gajiya ce, wasu suka ce lokaci ne kawai, muka karɓa a haka domin ba mu da wani abin da za mu ce. Ba wanda ya ambaci zuciya. Yaya ce ta ƙarasa wankin nan washegari, kuma ita ta ƙarasa renona.

Mijin da ta aura yana da lambu a bayan gari, gefen rafi. Mutumin kirki ne mai sanyin hali, bai yi tsawon rai ba. Ya bar mata 'ya guda, siririya, wadda kowa ke kira Tsinke, ya bar mata lambun. 'Yan'uwansa suka ce ta ba da haya ta huta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "In huta in ci me?" Ta ɗaura ɗamara ta shiga lambu, ta koyi ban ruwa da dashe da kafa sanda wa tumatir, duk da ka, tana leƙen abin da maƙwabta ke yi.

Sau ɗaya na taɓa ganin kukanta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shekarar da tsutsa ta shiga tumatir ce. Shuka ta yi kyau, ta yi fure, ta ɗauki 'ya'ya, sai ganye ya fara yin fari-fari kamar an babbaka shi. Kafin ta gane abin da ke faruwa, duk tumatirin da ta tsinka sai ta tarar da huda a jikinsa, ciki ya ruɓe. Na same ta a tsugune tsakanin layuka tana fasa su ɗaya-ɗaya da babban yatsa, ko za ta dace da mai rai. A shekarar aka cire Tsinke daga makaranta na wani lokaci, aka sayar da gadon ƙarfen da Yaya ta zo da shi gidan. Tun daga nan ba abin da take tsoro a duniya kamar tsutsar nan. Maciji ma in ta gani sai ta ce masa ya wuce, aiki take yi.

Da aka buɗe cibiyar koyar da manoma a bakin hanya, ita ce mace ta farko da ta shiga. Dogon gini ne mai rufin kwano, ɗakuna biyu suna kallon juna, baranda a tsakani. A cikin kowanne akwai bencina da allo da fanka da ban taɓa ganin tana juyawa ba. Maza suka yi ta tsokanarta, wai ta yi ɓatan kai, ba nan ake koyon girki ba. Ta wuce su ta ɗosana a bakin bencin gaba. Karatunta bai yi nisa ba, amma kanta ba ya zubar da abu. Duk abin da malamin gona ya faɗa sai ta haddace, ta dawo ta yi ta biya mini ina ɗinki, ko ina so ko ba na so.

A bakinta na san ba a feshi da tsakar rana, ba a feshi kana fuskantar iska, ba a hura bakin famfo da baki in ya toshe. Na san sai da takunkumi da safar hannu da takalmin roba. Na san kafin a zuba magani, ana fara cika famfon da ruwa zalla a bi layi ɗaya ko biyu, a ga ko yana yoyo, a ga ko bakin yana watsawa daidai, a daidaita saurin tafiya. Wannan gwajin ruwan maza da yawa ba sa yi, sun ce ɓata lokaci ne. Yaya ba ta taɓa tsallake shi ba. Ta kuma haddace alamomin da ke nuna maganin ƙwari ya shiga jikin mutum: zufa, jiri, tashin zuciya, numfashi ya yi wuya. Ta haddace abin da ake yi: a cire tufafin, a wanke jiki da sabulu, a koma inuwa, a tafi asibiti da kwalbar maganin. Na ƙarshen nan ne kawai take faɗa da sauri, kamar ba ya cikin karatun.

Famfon nata na goyo ne, shuɗi, in an cika shi ya kai nauyin yaro mai wayo. Igiyoyi biyu ke riƙe shi a kafaɗu. Hannun dama na riƙe sandar feshin, hannun hagu kuma na ta buga mariƙin sama da ƙasa ba tsayawa, tun daga farkon layi har ƙarshensa. Ni na ɗinka mata rigar feshi da yadi mai kauri, mai dogon hannu. Ranar da nake aunata na ga sawun igiyoyin sun yi baƙi a kafaɗunta. Na kuma ji tana haki, alhali ba abin da ta yi sai ɗaga hannu. Na ce, "Yaya, gudu kika yi?" Ta ce, "Yi awonki ki sallame ni, ruwa na jirana."

Wata rana aka yi sanarwar babban taro a cibiyar. Za a koyar da sabuwar hanyar yaƙi da tsutsar tumatir, kuma wata ma'aikaciyar jinya za ta zo ta yi bayani kan lafiyar zuciyar mata. Yaya ta ce in raka ta. Na rufe shago muka tafi. Sai da muka isa barandar muka tarar an sa karatun biyu a lokaci guda. Ɗakin dama na tsutsa, ɗakin hagu na zuciya. Wanda ya tsara abin, ko wane ne shi, a kansa manomi namiji ne, matarsa kuma tana da lokacin zama ta ji wa'azin lafiya. Bai taɓa tunanin akwai macen da ita ce manomin kuma ita ce mai zuciyar ba. Har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi, ban ma san fuskarsa ba.

Na ce, "Yaya, mu shiga na zuciyar. Na tsutsa kya tambayi maƙwabcinki."

Ta ce, "Wanne? Wanda ke barci a aji? Ke shiga ki jiyo mana, kya faɗa mini a hanya. Zuciyata ai tana nan, ba inda za ta. Tsutsa ce ba ta jira."

Ta shige dama, na shiga hagu.

Nas ɗin gajeriya ce mai dasasshiyar murya, ba ta da wasa. Ta ce mu cire hoton da ke kanmu na mutum ya dafe ƙirji ya faɗi. Ta ce a wurin mata sau da yawa ciwon ba ya zuwa da wannan hayaniyar. Yakan zo da gajiyar da barci ba ya maganinta. Yakan zo da haki a kan ɗan aikin da a da ba ya sa ki haki. Yakan zo da ciwo tsakanin kafaɗu, ko a muƙamuƙi, ko ya bi hannu, da zufa mai sanyi, da tashin zuciya, da wani nauyi a ƙirji da za ki ɗauka ƙwannafi ne. Ta ce abin da ke cin mata shi ne kowace tana da sunan da ta ba ciwonta, ta ajiye shi a gefe ta ci gaba da aiki. Sannan ta ce, "Wace ce a nan mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta faɗi farat ɗaya tun ba ta tsufa ba?"

Na ɗaga hannu. Bangon tsakar gidanmu nake gani da kofin ruwan nan.

Ta ɗaura mini abin awon jini a dantse, ta ce nawa ya ɗan hau, in rage gishiri, in rinƙa tashi daga kan keke ina takawa, in zo asibiti a duba ni sosai. Na ce mata ina da yaya, na faɗa mata hakin da na ji. Ta ce, "Je ki kawo mini ita yanzu." Na tsallaka baranda na tsaya a ƙofar ɗakin dama ina yafito Yaya. Ta kore ni da bayan hannu ba tare da ta juyo ba, malamin gona na nuna musu wani tarkon ƙwari. Daga ajin kuma aka kwashe su zuwa gonar gwaji a bayan ginin. Kafin su dawo motar nas ta tafi.

A hanyar gida na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, abin da ba ta saba yi ba, sannan ta shiga ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya kamar tana cin jarrabawa.

"Ciwon tsakanin kafaɗu? Ki goya famfo cike da ruwa ki zagaya lambu, ki zo ki faɗa mini inda zai yi miki ciwo."

"Hannun hagu fa?"

"Da wanne nake buga mariƙi? Da ƙafa?"

"Muƙamuƙi fa, Yaya? Na sha ganin kina murza shi."

"Igiyar takunkumi ce, ta matse. Zufa da tashin zuciya da haki kuma, malam ya gama mana bayaninsu tun tuni. Magani ne ke ɗan shiga jiki. In na yi wanka na zauna a inuwa sai ya wuce. Ke yau kika fara zuwa aji, har kin zama likita?"

Na ce, "Malamin naki ai ya ce a je asibiti."

Ta ce, "In abin ya yi tsanani. Nawa bai yi ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba jahilci ke magana ba. Da jahilci ne da na san yadda zan yi da shi. Karatu ne, karatu mai kyau, wanda ta sha wahala ta samu, kuma kowace amsa da ta ba ni tana da ma'ana. Duk alamar da nas ta lissafa, famfon nan yana da irinta.

Daga ranar na zame mata ƙarfen ƙafa. In ta zo shago, maganar ke nan. In na je gidanta, maganar ke nan. Na haɗa baki da Tsinke, wadda a lokacin ta zama budurwa tana taya ta aikin lambu. Yaya ta ce mun zama ƙungiya. Ta yi alkawarin za ta je in an gama dashe. Aka gama dashe ta ce in shuka ta kama. Shuka ta kama ta ce in ta wuce fure, domin lokacin ne tsutsa ke shigowa.

Sau ɗaya na ci nasara na kai ta har asibiti. Dogon benci ne a wani lungu mai warin maganin wanke ƙasa, mata sun cika shi, wasu a tsaye. Ta ɗosana a bakin bencin da kati a hannu, tana kaɗa ƙafa. Layin na tafiya kamar ba ya so. Saura mutum kaɗan a gabanmu wayarta ta yi ƙara. Maƙwabcinta ne na lambu, wai injin ban ruwan da suke karɓa-karɓa ya zo kanta, in ba ta zo ba zai wuce ga na gaba, sai kuma wani zagayen. Ta miƙa mini katin ta ce, "Riƙe mini layi." Na riƙe layin har aka kira ta, na shiga na ce wa likita mai ciwon ta tafi ban ruwa. Ya dube ni, ya kira ta gaba.

Bayan wannan da 'yan makonni ta zo shagona da yamma karɓar rigar feshin, na yi mata faci a gwiwar hannu. 'Yan matakalar ƙofar shagon ne suka gagare ta. Ta tsaya a tsakiya ta dafa bango, fuskarta ta yi toka-toka, zufa na tsattsafowa a goshinta alhali garin ba zafi. Na jawo ta na zaunar. A karon farko a rayuwata na ga ta zauna har cikin kujera ta jingina.

Na ce, "Yaushe rabonki da feshi?"

Ta kau da kai.

"Tsinke ta ce mini an kwana biyu ba ki taɓa famfo ba. To wannan wane magani ne ya shiga jikin?"

"Yana zama a jiki," in ji ta, amma muryar ba ta da ƙarfi.

Na tashi na rufe ƙofar shagon. Na ce, "Yaya, don girman Allah. Haka Ummarmu ta yi. Kin fi ni sani, ke kika kawo ruwan."

Ta dubi zaren da ke zube a ƙasa. Sannan ta ce, "Ke kina ganin ban sani ba? In na je suka ce in ajiye famfo fa? In suka kwantar da ni fa? Tsinke ba ta iya auna magani ba tukuna. Tumatir ya fara ɗaukar 'ya'ya. Na taɓa tsayawa ina kallo tsutsa ta cinye mini shekara guda, ba zan sake ba. Ki bar ni in yi feshin nan na ƙarshe, in an fara tsinka ki kai ni duk inda kike so, ko yanka ni za su yi."

Na yi kuka, na yi faɗa, na ce ba zan ba ta rigar ba. Ta ce to za ta yi feshin da zanen jikinta. Na ba ta rigar.

Ranar feshin, da hantsi, Tsinke ta kira ni, ban ma gama share shago ba. Abin da na iya ji kawai shi ne, "Inna, ki zo, magani ya bugi Umma." Na tari mai babur. Hanyar lambun duk ramuka ce, ina ta ce masa ya ƙara wuta.

Na tarar da ita kwance a inuwar bishiyar da ke bakin lambun, manoman maƙwabta sun kewaye ta. Sun yi duk abin da aka koya musu, ba su bar komai ba. Sun sauke mata famfon, matar ɗaya daga cikinsu ta cire mata rigar feshin, an kwara mata ruwa, an wanke mata hannu da fuska da sabulu, ana yi mata fifita da kwali. Wani ma ya aika an sayo madara, wani na ce masa malam ya hana. Ita da kanta ta ba su umarnin tun tana iya magana sosai. Ta ce su wanke ta su bar ta ta huta, ta saba, yanzu zai wuce. Suka bi maganarta, domin a duk lambunan nan ba wanda ya kai ta sanin maganin feshi. Tun rana ba ta yi zafi ba take kwance a wurin suna jira ya wuce.

Ban san irin ihun da na yi ba. Na dai san na zagi dattawan da ban taɓa ɗaga wa murya ba. Na ce zuciyarta ce, a nemo mota. Motar da aka samu ta ɗaukar kwandunan tumatir ce. Muka shimfiɗa buhuna a baya, na ɗora kanta a cinyata, Tsinke na riƙe da ƙafafunta. Maƙwabcin nan ya biyo mu da gudu ya jefo kwalbar maganin cikin motar, ya ce malam ya ce a tafi da ita.

Hannunta na dama na dafe da dantsenta na hagu. Leɓɓanta sun canza launi. Ta buɗe ido ta nemi Tsinke ta ce, "Kar ki bar famfon a rana." Can kuma ta dube ni ta ce, "Ke dai da bakinki." Ban sani ba ko tsokana ce ko yarda ce. Ba ta sake cewa komai ba. Mun shiga ƙofar asibitin da ita, an ɗauke ta a gadon turawa, an yi ta danna mata ƙirji a bayan labule. Likitan da ya fito ya ce zuciya ce, kuma da alama ta daɗe tana ba da sanarwa. Na miƙa masa kwalbar domin ban san abin da zan yi da ita ba. Ya juya ta a hannunsa ya nuna mini murfin. Ko ɓalle shi ba a yi ba.

Washegari ni da Tsinke muka je ɗauko famfon. Yana nan inda aka ajiye shi, a farkon layi na biyu. Tsinke ta kwance murfin ta sunsuna, ta zuba a tafin hannunta. Ruwa ne zalla. Gwajin ruwan nan Yaya take yi, ba ta ma kai ga magani ba. Yarinyar ta zauna a ƙasa da famfon a gabanta, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe.

Na ɗauka wannan ya isa hujja. Ina! Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya girgiza kai ya ce maganin feshin nan mugu ne, ya ci Ba-Hutu. Na yi bayani har na gaji. Na ce kwalbar a rufe take, na ce ruwa ne a famfon, na ce likita ya faɗa. Sai su ce, "Allah sarki, ai yana taruwa a jiki." Wata dattijuwa ta ja ni gefe ta ce in yi haƙuri in daina musu a gidan rasuwa. A watan nan takunkumi ya ƙare a shagon mai kayan gona. Matan lambu suka yi ta zuwa in ɗinka musu riga irin ta Yaya, mai kauri. Duk wadda na auna sai na tambaye ta ko ta taɓa zuwa awon jini. Sai ta yi dariya ta ce, "Tela, ni da nake aiki kamar doki?" Ɗaya daga cikinsu tana faɗar haka tana murza muƙamuƙi.

Tumatirin kuwa ya yi albarkar da bai taɓa yi ba. Tsinke ce ta yi feshin ƙarshen, maƙwabcin ya auna mata maganin. Tsutsa ba ta taɓa ko layi ɗaya ba. Malamin gona ya kawo ɗalibansa su ga lambun, ya tsaya yana yabon marigayiya, ya ce ba shi da ɗalibi kamarta. Na bari ya gama, na tare shi a bakin hanya na faɗa masa komai, har da ɗakunan nan biyu. Ba mugun mutum ba ne. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi kullum yana cewa a je asibiti. Na ce na sani. Ya ce tsarin lokaci ba a hannunsa yake ba, amma zai kai maganar sama.

Da shekara ta zagayo aka sake sanarwar taron. Tsinke ta ce in raka ta. Lambun yanzu nata ne, rigar uwarta na rage mata, sawun igiyoyi ya fara fitowa a kafaɗunta. Muka isa barandar. Ɗakin dama feshi, ɗakin hagu zuciya, lokaci guda.

Na kama wuyan hannunta na ce, "Yau hagu za ki shiga. Kakarki, uwarki. Ba sai na ƙara miki bayani ba."

Ta ce, "Inna, na sani. Wallahi na sani. Amma har yau ban iya auna magani ni kaɗai ba, kuma yau za a koyar. Ke shiga ki jiyo mana."

"Ni na riga na ji!"

Ta zare hannunta a hankali, ba da rashin kunya ba. Ta shiga dama. Ta ƙofa na hango ta, ta wuce maza ta je bencin gaba ta ɗosana a bakinsa.

Na shiga hagu na zauna. Nas ɗin nan ce dai, gajeriya mai dasasshiyar murya. Ta yi bayaninta kamar bara, ta zo kan tambayarta, na ɗaga hannu. Ta ƙura mini ido, sai ta gane ni.

Ta ce, "Ba ke ce na ce ki kawo mini yayarki ba? Tana ina?"

Na ce, "Ta rasu. 'Yarta na wancan ɗakin."

Ta tsallaken baranda muna jiyo muryar malamin gona, yana lissafa musu alamomin da ke nuna magani ya shiga jiki, ɗalibai na maimaitawa: zufa, jiri, tashin zuciya, numfashi ya yi wuya.